Muryar Da Ke Shimfiɗar Ƙasa

Shafi na 19

Masu cewa na ɓata muku lokaci a kan gyaran rufin ofis, na ji ku. Ga abin da kuke ta yi mini naci a kai. Ke kuma da kika rubuto cewa Thanh munafuki ne, ki karanta tukuna, ki yanke hukuncinki daga baya.

*

Da hantsi muryar ta fito, daga lasifikar baranda, wadda kullum a wannan lokaci take sako wa jama'a labaran da muka adana.

Ina cikin wanke kofunan shayi a ɗakin adana labarai na garinmu, Ellard. Na fara jin tari irin na tsofaffi, sai 'yar dariya, sai kuma:

"To, ku matso. Yau zan gaya muku inda ruwa yake."

Na tsaya da kofi a hannu.

Mai wannan murya mun binne shi kafin zafi ya sauka. Tun ranar ba wanda ya ƙara kiran sunansa. Kumanjayi muke cewa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi. An juya hotunansa, an fita daga gidansa, an yi wa motarsa hayaƙin tsarkakewa. A al'adar garin nan, ko muryar mamaci ba a ƙara ji.

Ga shi kuma yana magana a baranda.

Barandar cike take da matan zangon makoki, inda dangi ke komawa su zauna in an yi rasuwa, sun zo cajin waya. Kafin in kai ƙofa kuka ya ɓarke. Wasu sun toshe kunnuwa suna gudu, wata ta zube a ƙasa tana dukan kanta. Na fizge wayar lasifikar daga bango, amma aikin ya riga ya gama lalacewa.

Thanh ya fito daga ɗakin baya da gudu, burodi a hannunsa. Shi ne mai kula da kwamfutocinmu, ɗan birnin Darwin, iyayensa masu gonar mangwaro.

"Glenys, me ya faru?"

"Mutuminka ne ya dawo," na ce.

"Wane mutumin?"

"Wanda ka goge."

Ya ajiye burodin a kan firinta.

*

Ba mu jira da yawa ba. Motar Kawu Cedric ta tsaya a ƙofa, ya fito bai ko rufe murfin ba. Shi ne ƙanin marigayin, kuma yanzu maganarsa ce magana a dangin. Delvene na biye da shi, babbar 'yar marigayin, kanta a aske, idanunta jajir.

Kawu bai zauna ba, ya tsaya a gaban Thanh.

"Ɗana."

"Na'am, Kawu."

"A nan na tsaya, a wannan wurin, na ce ka cire yayana daga cikin na'urarka. Haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"Me ka ce mini?"

"Na ce na goge."

"Ka juyo mini da allon. Ka ce in duba da idona."

"Ƙwarai."

"Na duba, babu shi. Na yi maka godiya. Har wutsiyar kangaru na aiko maka."

Thanh ya sunkuyar da kai.

"To wa mata suka ji yanzu?"



Delvene ta ce, "Yi magana mana, Injiniya. Kullum bakinka ba ya rufuwa in ana zancen waya da batir. Yau ya mutu?"

"Yaya Delvene, zan yi bayani."

"Kada ka yayace ni."

Na jawo wa Kawu kujera. Ya kalle ta kamar na miƙo masa maciji, sai na mayar da ita inda take. Ni dai a irin wannan rana aikina bai wuce dafa shayin da ba wanda zai sha ba.

Thanh ya nuna baƙar na'urar da ke ƙarƙashin tebur, wadda ke riƙe da duk abin da muka tara.

"Kawu, shimfiɗa biyu gare ta. Akwai ta ƙasa, akwai ta sama."

"Ina ji."

"Ta ƙasa a kulle take. Ana karantawa, ana saurare, amma ba a rubutu a kanta, ba a gogewa. Waƙoƙi, labarai, hotunan tsofaffi, duk suna can."

"Ta saman fa?"

"Ita ce ta kowa. Duk wanda ya zo ya taɓa, ya canza suna, ya sauke shirme, a sama abin yake tsayawa. Mai kallo yana ganinsu kamar abu ɗaya ne. Amma in an kashe na'urar an kunna, ta sama sai ta share kanta, komai ya koma yadda yake."

"Wa ya sa ka wannan?"

"Ku, Kawu. Tun shekarar da aka shigo mana da cutar kwamfuta a filashi, ta cinye waƙoƙin mata. Kuka ce a yi yadda ba wanda zai ƙara iya ɓata komai."

Wannan gaskiya ne, ina wurin. Kawu ma ya tuna, na ga haka a fuskarsa, amma bai ba shi wannan ba.

"Ban tambaye ka tarihi ba. Yayana fa?"

"Idan aka ce mata ta goge abin da ke ƙasa, ba ta iya taɓa shi. Sai ta liƙa faci a sama, daidai kansa, mai cewa babu komai a nan. Duk wanda ya duba, ba zai gani ba."

"Faci," in ji Kawu.

"E."

"Yau kuma facin ya ɗaye."

"An kashe na'urar an kunna. Ta sama ta share, facin ya tafi da ita."

Delvene ta yi wata dariya mara daɗi.

"Wato ka lulluɓe Baba da bargo, ka zo ka ce mana ka binne."

Ta faɗi abin daidai.

*

Kawu ya matso kusa da tebur. Muryarsa ta sauka, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ya fi ihu muni.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Shimfiɗar ƙasan nan, ana iya buɗe ta?"

"Ana iyawa."

"Makullin na hannun wa?"

"Nawa."

"Ranar da na zo, yana hannunka?"

"Yana hannuna."

"Ka san faci ka liƙa?"

Thanh ya ɗago ya kalle ni. Na kalli butar shayi. Ban san komai a kan wannan ba, kuma ban yi niyyar a raba da ni ba.

"Na sani," ya ce.

Delvene ta dafe ƙirji. "Ka ji ko, Kawu? Ba kuskure ba ne. Da gangan ya yi."

"Me ya sa?" in ji Kawu.

"Babu wani kwafi."

"Kamar yaya?"

"Ku kuka ce muryar kowa kada ta bar ƙasar nan. Ba a kai birni, ba a ɗora a intanet. Na bi maganarku. Abin da ke cikin na'urar nan shi ke nan. In na goge a ƙasa, ya tafi."

"Abin da muka nema ke nan."

"Kawu, shi kaɗai ya san hanyar wuraren ruwa na dajin yamma daga farko har ƙarshe. Shi da bakinsa ya ce mini jikokinsa zai bar wa. Na ce in shekaru sun wuce, makoki ya sauka, wataƙila ku..."

"Wataƙila mu me?"

"Ku nema."

"Sai kai ka yanke mana?"

"Ban yanke ba. Ajiyewa na yi."

"Ka yanke," in ji Delvene. "Ka dube mu ka ce waɗannan ba su san abin da suke so ba, bari in riƙe musu. Irinku nawa suka zo garin nan suka riƙe mana abubuwa?"

Wannan ta shige shi. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya yi shekaru yana ƙoƙarin kada a sa shi a wannan layin, ga shi cikin safiya ɗaya an kai shi sahun gaba.

Ni na ɗauki muryar nan, shi ya sa na san abin da ake magana a kai. Tsohon ya zauna a ƙarƙashin bishiyar bayan ofis, ya bi ruwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da waƙarsa da dutsen da ake juyawa a gane shi. Labarin yana da tsawo, mai saurare sai ya yi haƙuri. A ruwa na ƙarshe ne ya saki jiki, ya ba da labarin wata yarinya da ya tarar a wurin yana saurayi, ta hana shi sha sai ya faɗi sunan kakarsa. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Yarinyar ita ce Inna Rosina, matarsa, wadda yanzu ke zaune a zangon makoki, jikinta shafe da farar ƙasa, ba ta furta kalma ko ɗaya ba tun ranar da ya cika. Sai maganar hannu.

*

Thanh ya share fuska da tafin hannu.

"Amma akwai abin da ban gane ba."

"Akwai da yawa," in ji Delvene.

"Na'urar nan ba ta mutuwa. Tana kan batir. Ko wutar gari ta ɗauke, ita tana nan. Shi ya sa na yarda da facin."

"To ga shi ta mutu."

"Ba da kanta ba. Glenys, agogon kicin yana ƙyafta ido?"

Na leƙa. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, agogon nan sai ya koma sifili yana ƙyaftawa har in gyara shi. Yau lafiyarsa lau.

"Ba ya yi," na ce.

"Wuta ba ta ɗauke ba ke nan. Wani ne ya danna maɓallin."

"Au," in ji Delvene. "Yanzu kuma laifin ya tashi daga kanka. Wa za ka liƙa wa? Glenys?"

"Ban ce Glenys ba."

"Makullin ofis biyu ne. Naka da nata."

Na sunkuya ne don in ɗauki cokalin da ya faɗi, kuma daga nan ƙasa ana ganin gaban na'urar sosai.

A kan maɓallin akwai shatar yatsa. Fara.

Na miƙe a hankali. Idona ya sauka a kan abin sauraren kunne da ke ajiye gefen allo. Soson kunnensa na hagu ma akwai fari a jiki, irin wanda ba ƙura ba ce.

Makulli uku ne, ba biyu ba. Inna Rosina ta yi shekaru tana share ofishin nan, kuma ba wanda ya tuna ya karɓi nata. A shekarun nan ta ji Thanh ya faɗa wa mutane abu guda har ta haddace. Duk wanda ya zo a rikice ya ce ya ɓata wani abu, amsar ɗaya ce: kwantar da hankalinka, a nan ba abin da ke ɓata, kashe ka kunna, komai zai dawo.

Na ɗauki tsumman goge kofuna na jefa a kan abin sauraren, na koma wurin butata.

Tausayinta ya kama ni sosai. Tsoro ma ya kama ni, don na san abin da za a ce in aka gane.

*

"Ya isa," in ji Kawu. "Wanda ya danna, shi ya sani. Buɗe ƙasan."

"Kawu, ka ba ni dama in faɗi abu ɗaya."

"Ka faɗi da yawa."

"Akwai hanya ta uku. In sa wata shimfiɗa a tsakiya, wadda ba ta sharewa. Facin ya zauna a can. Ko an kashe sau dubu, ba zai ɗaye ba. In kulle ta, in ba ka makullin, ko ni ba zan iya buɗewa ba. Ba wanda zai ƙara jin sa sai ranar da kuka ga dama."

"Tun farko me ya hana ka yin hakan?"

"Da na yi, sai na gaya muku yana nan."

"Kuma ka san abin da za mu ce."

"Na sani."

Kawu ya gyaɗa kai, kamar wanda aka tabbatar masa da farashin abin da ya riga ya sani.

"Ɗana, ba ka gane ba. Ba kunnenmu muke karewa ba. Shi muke sallama. Mutum yana da tafiya a gabansa, kai ka ɗaure masa ƙafa a cikin akwati. Duk lokacin da aka kira shi sai ya waiwayo. Ka sa faci goma, yana nan dai a ƙasa yana jira."

"Jikokin fa?" in ji Thanh a hankali.

"Ina da ƙafa. Abin da na sani zan kai su in nuna musu."

"Ba ka san na yamma duka ba. Kai ka gaya mini."

Delvene ta yi kansa. "Kai! Da wa kake magana?"

Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon Thanh.

"Ban sani ba," ya ce. "Abin da ya tafi da shi, nasa ne. Buɗe."

Thanh ya zauna. Ya cire igiyar da ke wuyansa, ya zaro ɗan ƙaramin makullin na'ura da ke rataye, ya soka. Ya buga kalmomin sirri. Ya kuskure, sai da ya sake bugawa.

"Glenys," ya ce ba tare da ya juyo ba, "ba za ki ce komai ba? Ke kika ɗauka."

"Na ɗauka," na ce. "Ba nawa ba ne."

Ya ji haushina, na sani. Amma na daɗe a garin nan fiye da shi, kuma na koyi inda bakina yake tsayawa.

Allon ya canza launi, jan layi ya fito a sama.

"Ƙasan a buɗe take yanzu," in ji shi. "Duk abin da aka yi a nan, ya yiwu ke nan."

"Nuna mini shi."

Ya buɗe jakar da aka adana muryoyin marigayin a allo. Delvene ta kau da kai don kada ta ga sunan. Thanh ya zaɓe su duka, ya ba da umarni. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo.

"Me take cewa?" in ji Kawu.

"Tana tambaya ko na tabbata."

"Ka ce mata e."

Yatsan Thanh ya tsaya a sama da maɓallin da zai ce e.

A lokacin ne hasken ƙofa ya ragu.

Inna Rosina ce tsaye, ƙafa ba takalmi, farar ƙasa tun daga goshi har gwiwar hannu. A al'ada, bai kamata ta bar zango ba. Bai kamata ta tako inda aka ji muryarsa ba, balle ta tsaya ɗaki ɗaya da ƙanin mijinta.

"Inna!" in ji Delvene. "Me kike yi a nan? Zo mu tafi, yanzu za a gama."

Ba ta ko kalle ta ba. Ta ratsa tsakaninsu, ta zo gefen tebur, ta ɗaga tsumman da na jefa. Ta ɗauki abin sauraren ta rungume a ƙirji.

Kawu ya kalli farin da ke jikin soson. Ya kalli hannunta. Ya sunkuya ya leƙa maɓallin na'urar, ya daɗe a sunkuye.

Da ya miƙe, sai na ga ya tsufa.

"Ke ce?"

Muka jira ta ɗaga hannu ta amsa, yadda take yi tun ranar da ya cika.

Ba ta ɗaga ba. Bakinta ta buɗe. Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a taɓa ba.

"Da dare na zo in ji shi. Gari ne ya waye mini."

Delvene ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Bai kai ruwan ƙarshe ba," in ji Inna Rosina. "Bai kai inda ya same ni ba tukuna."

Akwatin na nan a allo, yana jiran amsa.

Kawu Cedric ya miƙa hannu ta saman kafaɗar Thanh, ya ture yatsansa gefe, ya ɗora nasa a kan maɓallin.